Ka Koma Samaru, Maharazu

Jibiya, ranar Laraba

Ya sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, Yaya Maharazu! Sallama da gaisuwa mai tarin yawa.

Tun da aka ba ku hutu a jami'a can Samaru ka biye wa abokinka Kalilu, kuna haurawa da gangunan fetur zuwa Maraɗi ta hanyar daji, wai don ka haɗa kayan aurenmu. An koma karatu, kai ba ka koma ba. Na yi shiru don kunya. Yau kunyar ta ƙare.

Jiya da hantsi wata motar fetur ta kama da wuta bayan Gangara, tana guje wa 'yan kwastan. Daga makarantarmu muka hangi hayaƙi ya turnuƙe sama. Na bar yara a aji, na fita ba takalmi, ina tare duk wanda na gamu da shi ina tambayar labarinka. Sai da wani ɗan dako ya ce mani, "Ba shi ciki, Malama, Manu direba ne," sannan na zube ƙasa. Wayyo ni! Allah ya jiƙan Manu, amma gobe fa, sunan wa za a ambata mani?

Ka manta shekarar fari, da muka tsaya bakin gulbi a Mazanya, makiyaya na gangarowa daga arewa da shanu ƙashi da fata? Ka nuna mani 'yar gonarka ta gwaji: gamba a gefe tana riƙe ƙasa, wake tsakanin gero, dashen mangwaro da ka kewaye da ƙaya. Idonka cike da hawaye ka ce, "Tsahara, abin da nake karanta ke nan, don kada mu sake ganin wanga bala'i." A wurin nan na ba ka zuciyata, ban rage komai ba.

Na san abokanka suna yi maka dariya, wai zamanin mai ya zo, wa ke zuwa jami'a koyon noma? Su yi ta yi! Fetur za mu tuƙa mu ci? Hannun da ya iya auren bishiya da bishiya shi zai ƙare a ƙone cikin daji? Ina zan sa kaina, ya hasken ranata?

Na aiki gwaggo wurin Baba. Ya ce ba ya neman akwatuna, sadaki kawai, kuma sai ka gama karatu.

Ran Lahadi motar Zariya za ta tashi bayan azahar. Zan tsaya a tasha da guzurinka, kowa ya gan ni, ban damu ba. In ba ka zo ba, Lahadi mai zuwa ma zan tsaya. Ka zo da ranka, don Allah, don Annabi.

Taka ce ni, a fari da damina, har ƙasa ta rufe idona,
Tsahara