Alhamis ɗin Hikima

Damagaram, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Isha'aku,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zafin Jidda? Ina fata kai da Mastura da yara kuna lafiya. Na rubuta da hannu na ɗauki hotonta na turo maka, don in na aiko murya sai ta kwana uku ba ka saurara ba.

Maganar 'yarka Hikima ce. Lokotoro ya duba ta jiya, ya ce yaron a gicciye yake, ba za a jira naƙuda ba, ranar Alhamis da yamma za a yi mata aiki. Ka san wannan ne ciki na uku, biyun farko ba su zo da rai ba. Yarinyar ta daina cin abinci. Mijinta Nasir yana dariya a gabanta, in ya fita zaure sai ya zauna ya dafe kai.

Shekara talatin kana Jidda, ban taɓa roƙonka ko turare ba. Yau ina roƙo. Ranar Alhamis ka rufe shago ka tafi Makka ka yi umra, lokacin da za su shiga da ita kana gaban Ka'aba kana ambaton sunanta. Ita ta nema da bakinta. Ta ce, "Inna, in Kawu yana can ba zan ji tsoro ba."

Ka gaida Mastura. Allah ya bar zumunci.

Yayarka, Haoua

*

Sharafiyya, Jidda, ranar Litinin

Yaya Haoua,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwar girmamawa. Mun ga takardarki, Mastura har ta yi hawaye. Wannan ai bai kai a ce roƙo ba, Yaya. Makka tafiyar awa ɗaya ce daga nan. Na riga na gaya wa kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ba ni nan ranar Alhamis, ya ce halas, babu damuwa. Bayan la'asar zan kama hanya in sha Allahu. Ki gaya wa Hikima ta ci abinci, kawunta yana bakin Ɗaki har sai an fito da ita.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki, Isha'aku

*

Damagaram, ranar Juma'a

Ƙanena Isha'aku,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yau kwana takwas ke nan, sai yanzu na samu zama. Jiya aka yi suna. Uwa lafiya, ɗa lafiya, har ta fara takawa zuwa tsakar gida.

Ban gaya maka yadda abin ya kasance ba ranar nan. Da suka kawo gadon turawa ta riƙe zanena ta ƙi saki. Shi ne na kira ka. Da ka ɗauka na ji wannan gurnanin jama'a, kamar ruwan sama a kan kwano, ka ce min, "Ina cikin mutane, Yaya." Na kanga mata wayar a kunne na ce, "Ji, ga Harami nan." Ta ji muryarka kana addu'a a cikin taron, ta rufe ido, ta sake ni. Ma'aikaciyar jinyar ma sai da ta ce amin.

To ga albishir. Nasir ya so sa wa yaron sunan mahaifinsa, Hikima ta ce a'a. An raɗa masa Isha'aku. Ka yi takwara.

Labari ya zaga unguwa. Mata huɗu sun zo sun ba ni sunayen marasa lafiyarsu in turo maka, na rubuta su a bayan takardar nan. Kada ka ƙi, ba su da kowa a can.

Allah ya saka maka da gidan Aljanna.

Yayarka, Haoua

*

Sharafiyya, ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina yi mana barka, Allah ya raya, ya ba Hikima lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ke kaɗai. Sau uku ina fara ta ina yagawa.

Ban je Makka ranar Alhamis ba.

Kin tuna kaset ɗin da Ba'amurken nan malamin Ingilishi ya bar min lokacin ina koleji, wanda kika riƙa ɓoye min a cikin kwallarki don kada Baba ya gani? Makaɗan nan na kudancin Amurka masu jita uku. Na ɗauka duk sun mutu. Akwai wani Balarabe, Mazen, da nake gyara wa na'urar sanyaya ɗaki a gidansa na Safa shekara goma. Wata rana ya ji ina rera waƙarsu ina kan tsani, tun daga nan muka zama abokan hira. Ranar Talata, washegarin da na yi miki alkawari, ya shigo shago ya ajiye min tikiti a kan tebur. Ya kira ni da laƙabin da Larabawa suke kirana da shi, ya ce, "Ya Abu Thamer, suna zuwa Jidda, dare ɗaya tak, Alhamis. Yalla, ni zan ɗauke ka."

Da na ce masa ina da umra, da ya fahimta. Ban ce ba. Na ce wa raina addu'a ba ta da nisa, zan tafi Juma'a da asuba. Mastura ta ninke min haramina ta sa a jaka, ta raka ni bakin ƙofa tana cewa in sa ta a addu'a. Jakar a bayan motar Mazen ta yi zamanta.

Zan gaya miki abin da na gani, don kada ki zaci na je ne ban ji daɗi ba. Babban zaure ne can arewacin gari, mutum ya fi dubu goma. Larabawa da farar jallabiya da malafar makiyayan Amurka, Turawa masu furfura, 'yan Filifin, mata da maza. Da aka kashe fitilu suka fito, sai na ga tsofaffi ne, Yaya. Shekara hamsin da wani abu suna kiɗa. Biyu kawai suka rage cikin na asali. Ɗayan, mai gashi fari har kafaɗa, da ƙyar yake tafiya, sai da aka kawo masa kujera. Amma da ya ɗora yatsu a kan jitar, wallahi sautin nan ne na cikin kwallarki, bai tsufa ko kwana ɗaya ba. Aka riƙa nuna hotunan 'yan uwansu da suka rasu a babban allo. Na miƙe tsaye. Ni da nake jan salla a masallacin layinmu in liman ba ya nan, na yi ihu har muryata ta dushe. Na yi kuka kuma, amma ba don Hikima ba. Na manta da ita sarai.

Suna gama wata waƙa, jama'a na tafi da kururuwa, wayata ta yi motsi a aljihu. Wannan ne gurnanin da kika ji. Na ce miki ina cikin mutane, na zaɓi kalmar ne don kada ta zama ƙarya, na kuma san abin da za ki fahimta. Na durƙusa tsakanin kujeru na rufe wayar da tafin hannu na karanta addu'ar da sauri, idona yana kan mai ganga. Na ga ya ɗaga sandunansa, shi ya sa na katse ba sallama.

Ko a lokacin, da na fita na tari mota, da na isa Harami ana cikin aikin. Na yi wannan lissafin a tsaye. Amma ba su kai ga doguwar waƙar nan ta ƙarshen kaset ba, wadda jita uku suke bin juna. Na zauna na jira ta. Suka yi ta, minti goma sha biyu, kuma ta fi yadda na zata.

Saura ɗaya. A hanyar gida na sa Mazen ya sauke ni Waziriyya, inda ba a san ni ba, na shiga wurin mai aski ya yi min ƙwal, don Mastura ta ga alamar umra. Ta shafa kaina ta ce, "Umra maƙbula." Juma'ar ma ban tafi ba, kunyar Ɗakin nake ji.

Yanzu an sa wa yaro sunana a kan abin da ban yi ba. Sunayen da matan nan huɗu suka bayar suna cikin wayata a aljihuna, na kasa duba su. Ki yi min hukuncin da kika ga dama.

Ƙanenki, Isha'aku

*

Damagaram, ranar Laraba

Isha'aku,

Wa alaikumus salam. Na karanta.

Da ka ce min ba za ka iya ba, da na nemi wani, Damagarawa sun cika Makka. Kiɗan ba shi ne ya dame ni ba, ni na ɓoye maka kaset ɗin. Abin da ya tsaya min a wuya, da hannuna na kanga wa 'yata wayar na ce mata ga Harami. Ka sa ni na yi mata ƙarya a ranar da nake ganin ba za ta fito ba.

Mastura ta sani? Kada ka sake rubuto min sai ta sani.

Haoua

*

Sharafiyya, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, in za ki karɓa. Na gaya wa Mastura ranar Laraba bayan azahar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Har da askin?" Na ce har da shi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Tana ajiye min abinci, amma yaranmu take aikowa su kira ni.

Jiya na je Makka, a motar haya, ni kaɗai. Na karanta sunayen da matan nan suka bayar ɗaya bayan ɗaya, da na Hikima da na yaron. Da na gama sa'ayi mai aski ya dubi kaina ya ce babu abin askewa, ya dai bi da aska. Ban rubuto don in ce wannan ta biya waccan ba. Don ki gaya wa matan ne cewa saƙonsu ya isa.

In Nasir yana son mayar da sunan mahaifinsa, yana da gaskiya.

Ƙanenki, Isha'aku

*

Damagaram, ranar Alhamis

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Na gaya wa matan, sun gode.

Suna ba riga ba ne da za a cire, an yanka rago, liman ya faɗa, jama'a sun shafa. Ban gaya wa Hikima komai ba, kuma ba zan gaya mata ba. Kai za ka yi. Ranar Lahadi bayan la'asar za ta kira ka ta bidiyo don ka ga yaron, ina zaune a gefenta. Abin da za ta ce maka ban sani ba, ba kuma zan sa baki ba.

Tun da takardarka ta zo "yaron nan" nake ce masa. Yau da safe ina yi masa wanka na kira shi da sunan. Da ƙyar ya fito, amma ya fito.

Ka gaida Mastura, ka ce na ba ta haƙuri. Sai Lahadi.

Yayarka, Haoua