Gambar Iyaka

Falanko, Talata

Zuwa ga ƙanwata Zuhaira,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya ƴan lakwal, ɗaliban naki? Inna lafiya lau, tana gaishe ki. Waya ba ta kamawa a nan, shi ya sa na ba direban kasuwa wannan takarda.

Kin tuna tsohon gajeren labarin da kika karanta mana da hutu, na dattijon da ya tumɓuke gambar da ke iyakar gonarsa da ta marayun ƙanensa? Ke da bakinki kika ce gambar alama ce ta amana, wanda ya cire ta ya ci amanar marayu. To, labarinki ya fito daga littafi ya shigo gonarmu. Jiya na tarar Baffa Husaini ya tuge gambar da Baba ya dasa tsakaninmu da shi, tas, ko saiwa bai bari ba. Baba ko shekara bai yi a ƙasa ba. Wallahi raina ya ɓaci. Zan kai shi gaban mai gari kafin ruwan shuka, in ba haka ba gonar ta tafi.

Yayanki, Manzo

Tanut, Asabar

Zuwa ga Yaya Manzo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Inna gaisuwa mai yawa.

Yaya, don Allah ka dakata. Na faɗa, ban musa ba. Haka muke koya wa yara, saboda jarrabawa amsa ɗaya take so. Amma na sake karanta labarin a tsanake. Marubucin bai taɓa kiran dattijon azzalumi ba. Ya nuna shi ne kawai yana tuge gamba bai ce uffan ba, kuma labarin ya ƙare kafin kaka. Mai karatu yana iya cewa ya haɗiye gonar. Yana iya cewa kuma ya mai da gida biyu gandu ɗaya, yadda mutanen da suke yi idan mutum ya rasu ya bar iyali. Alama ba ta magana ita kaɗai, sai an duba wanda ya yi ta da abin da ya biyo baya.

Sanmu na noma ya mutu bara, Baffa kuwa yana da biyu, kuma ka fi ni sanin garma ba ta ratsa gamba. Ka je ka tambaye shi tukun. Hankalina a tashe yake.

Ƙanwarka mai biyayya, Zuhaira

Falanko, Litinin

Zuhaira,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta zo a makare, na riga na kai ƙara. Da hutu labarin nan ma'ana ɗaya gare shi, yau da ya taɓa Baffanki ya haifi ta biyu. In alheri yake nufi, me ya hana shi buɗe baki? Ke kina da albashi, ni wannan gonar ce cikina da na Inna. Juma'a bayan masallaci za a zauna.

Ki huta lafiya. Manzo

Tanut, Laraba

Yaya,

Barka da aiki. Yaushe Baffa ya taɓa yin alheri da baki? Geron sadakar arba'in ɗin Baba a zaure ya ajiye ya yi tafiyarsa. Ban ce na san zuciyarsa ba, amma in ka tsayar da wan ubanka gaban jama'a, maganar ba ta komawa ciki. Ka janye, na roƙe ka.

Allah ya huci zuciyarka. Zuhaira

Falanko, Lahadi

Ƙanwata,

Salamu alaikum. An zauna. Mai gari ya tambayi Baffa dalili, sai ya dube ni ya ce, "Gamba ce? Za ta koma."

Jiya ya mai da ita da hannunsa, layi biyu, yana ɗauko ruwa a bido, wato jarka, yana zuba mata. Na ga irin geron da ya tanada don shuka, ya fi ƙarfin gonarsa nesa ba kusa ba. Ko don mu ne, ko don kansa, ban sani ba, kuma yanzu ba ni da bakin tambaya.

Gona tana nan. Da na gaishe shi ya amsa, amma bai ce "ɗana" ba. Cewa ya yi, "Sannu, Malam Manzo."

Inna tana gaishe ki.

Yayanki