Wasan da Ruwa Ya Shafe

Duluth, 4 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga Casimir Drozda,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ban sani ba ko za ka tuna Lyman Haskett, mai jifan da ka tsuguna kana cafe wa ƙwallo rana ɗaya tak a babban rukunin besbol, wasan ƙwallo da sanda, a Yulin 1931.

An fitar da wani ƙaton littafi mai sunan duk wanda ya taɓa wasa a rukunin, har wanda jifa ɗaya ya yi. Na duba sau uku, ba ni a ciki. Ka san doka: in ruwa ya tsayar da wasa kafin a cika zagaye biyar, shafe shi ake yi kamar ba a buga ba. Namu a na huɗu ya tsaya. Washegari kafaɗata ta ƙi ɗaguwa, aka sa ni a jirgin ƙasa zuwa gida.

A gidan tsofaffin nan, in na ba da labarin, murmushin tausayi ake min. Matata Verna tana filin a ranar, amma bara ta rasu. Don Allah ka rubuta wa masu littafin shaida.

Naka cikin girmamawa,
Lyman

Toledo, 15 ga Nuwamba

Kai Dogo!

Ashe kana nan da rai? Gaisuwa, gaisuwa. In manta ka? Mutum bakwai ka mayar benci, ko sandarsu ba ta shafi ƙwallon ba. Na rubuta musu, har da ɗan zagi. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ne ba ya jin magana.

Sai na ji ka,
Cas

Duluth, 9 ga Janairu, 1970

Cas,

Ina gaishe ka. Amsarsu ta iso, cike da ladabi. Sun ce ba su ƙaryata mu ba, amma wasan da ba a ƙirga ba, ba shi da layi a littafi. Kaɗaici ya dame ni, ba zan ɓoye maka ba. Wani lokacin ni kaina sai in fara shakkar ko na taɓa tsayuwa a filin nan. Kada ka ƙara wahalar da kanka.

Ka huta lafiya,
Lyman

Toledo, 20 ga Janairu

Dogo,

Juya takardar nan. Hannuna na dama ne na ɗora, na zagaye shi da fensir. Ka ga manuniyar da ta karkace? Jifanka na ƙarshe ne. Na yi maka alamar ka murɗa ƙwallon, kai kuma don ruɗewa ka aiko shi a miƙe, ya dake ni a yatsar. Shekara talatin da takwas ba ta lanƙwasu ba, kuma duk ranar da hadari ya taso sai na ambaci sunanka, ba da alheri ba.

A ƙasa na rubuta: Haskett, zagaye huɗu, mutum bakwai, yatsa ɗaya. Ka manna a bango su gani. Wannan kam, ruwa bai shafe shi ba.

Naka,
Cas