Kaza a Kujerar Hamidu

Alhaji,

Tani ce, Laraba ke rubuta mini.

Ɗanka ya zo kana kasuwa. Ya ga ƙulu a goshin Hamidu, ya ji a cinya ka ɗora shi kana tuƙi. Ya tambayi kujerar nan mai bel wadda shi da matarsa suka ce a riƙa ɗaure yaron a ciki, sai ga ta a zaure, kazarka na kwanci a kai. Nan take ya ɗauke mini jika.

Kullum sai ka ce, "Mu wa ya ɗaure mu?" Jaki ka hau, Alhaji, ba Fijo ba.

Na tafi gidansu a Tiga ban haƙuri. Ka kori kazar, ka wanke kujerar, ka mayar da ita mota. In sun hana ni yaron, can zan zauna, kai ka tuƙa tuwonka.