Ba a Wuce Baba Ilu a Kan Katako

Daren Laraba, Rano.

Yau na shigar da lokutan sauke taki a kwamfutar sito. Manaja ya duba, ya ce ƙiyasin da na saka da abin da agogo ya nuna ko kusa ba su yi ba. Wai 'yan dakonmu sun cika jinkiri.

Na san dalili. Katakon saukowa daga tirela ɗaya ne, kuma babu wanda zai wuce Baba Ilu, don ya girmi iyayen wasunsu. In ya tsaya ya huta da buhu a ka, kowa ya tsaya. Kwamfuta ba ta da gurbin wannan.

Manaja ya ce daga gobe in riƙa rubuta lokacin kowa da sunansa. Na ce to.

Da la'asar Baba Ilu ya same ni ina rufe taga.

"Malam Habu, sunaye za a fara sakawa?"

Na ce haka aka ce. Ya kaɗe gammonsa.

"To ka gaya musu su riƙa wuce ni. Su ne ke jin kunyata, ita na'urar ba ta ji."

Har na taso ban gaya musu ba.