Hancin da Rewi Ya Karya

Rotorua, ƙarshen watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Waimarie,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Paora da 'yan biyu. Allah ya sa zafin Perth bai gama gasa ku ba, ya kuma tsare Paora a ramin ma'adinai, ya riƙa dawo miki da shi lafiya. Mu a nan alhamdu lillahi, gwargwadon lafiyar gidan da bai daɗe da binne yaro ba. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, kullum da safe tana zuwa ta jiƙa ta a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a bayan gidanmu, ta dawo tana cewa likitoci asarar mai kawai suke sa mutum. An koma makaranta, an ba ni sababbin ɗalibai masu kaifin kai, ƙungiyar tuƙin kwalekwale da nake koyarwa kuma ta cika har ta yi yawa. Idan kin ga rubutuna ya karkace kada ki yi mamaki, hannuna na hagu yana cikin filasta, da kofin shayi nake danne takardar.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ma jin juna. Ke kina kuka, ni ina ɗaga murya, a ƙarshe kika ce za ki aiko da tikitin jirgin sama Rewi ya taho wurinki kafin ranar kotu. Ɗanki ne, ba na ja. Amma tun da kika bar min shi don ya ƙarasa sakandare a hannuna, ina da hakkin ki saurari abin da ya faru daga bakin wadda ta gani da idonta, kafin ki yanke shawara.

Kin san Nikora, jikan Kaka Hemana, wanda suka tashi da Rewi kamar tagwaye. Ranar Alhamis da yamma ya fita kamun kifi shi kaɗai a ƙaramin jirgi. Iska ta taso daga kudu ba zato, irin wadda take mai da tafkin nan baƙi ƙirin cikin ƙiftawar ido. Ina tsaye a filin makaranta na ga igiyar ruwa tana dukan bakin gaɓa har tana watso ciyawa kan titi. Da ta lafa aka sami jirgin a kife kusa da tsibiri, gefensa ya fashe, babu Nikora. Washegari Kaka Hemana ya kafa sanda a bakin ruwa ya ɗora rahui: ba kamun kifi, ba wanka, ba yawon shaƙatawa a kan tafki har sai ruwa ya dawo mana da ɗanmu.

To, sai abin ya faɗo a ƙarshen mako mai dogon hutu. Baƙi daga Auckland sun cika masaukai, kowa da kyamararsa da yaransa, sun zo a zagaya da su tsibiri a ba su abincin rana a kan ruwa. Jirgin da ya fi cika shi ne na Fergus, baturen nan dattijo ɗan Tsibirin Kudu, wanda Rewi yake yi wa aiki Asabar da Lahadi. Shi ne ya koya wa ɗanki ɗaurin igiya da riƙe sitiyari, har yaron ya fara cewa tuƙin jirgi zai yi sana'a. Ranar Juma'a tashar jiragen ta zama kasuwar rigima. Baƙi suna cewa sun yi tafiya mai nisa, wani mai jan wuya har yana tambaya ko sanda ce take mulkin garin nan. Aka fara raɗe-raɗin cewa Fergus zai fita da su ranar Asabar, ko da rahui ko babu. Rewi bai tsaya tambaya ba. Ya tuɓe rigar aiki ya jefa wa dattijon a fuska, ya ce masa ya je ya ciyar da baƙinsa kaza a kan gawar ɗan'uwansa, ya gani ko za ta wuce musu maƙogwaro. Fergus ya ɗauki rigar ya ninke.

Da safiyar Asabar aka tashi babu jirgin Fergus a inda ake ɗaure shi. Kafin labari ya iso ni, yarana na ƙungiya sun riga sun fasa ɗakin ajiya sun kwashe filafilan tuƙi, waɗanda ni na koya musu riƙewa. Na taho da gudu da takalman gida. Daga nesa na hango jirgin yana dawowa a hankali, ba kiɗa, ba kowa a saman bene, amma wanda zuciya ta rufe wa ido ba ya lura da irin wannan. Tun kafin a ɗaure igiya suka yi tsalle suka dira ciki suna kiransa tsohon kwaɗayi, ungulun ruwa. Fergus ya ɗaga hannuwa biyu ya ce su tsaya, ba yawo ya je ba, nema ya je, kuma ya samo Nikora a cikin ciyawar bayan tsibiri. Ya ce su zo su ga ɗan'uwansu. Waimarie, a wannan lokacin filafilai suka fara sauka ƙasa. Da a ce abin ya tsaya nan, da godiya za mu yi wa mutumin nan har ƙarshen ransa.

Sai ya buɗe musu ƙofar ɗakin cin abinci. Nikora yana kwance a kan dogon teburin da baƙi suke ci, an rufe shi da farin mayafin tebur. An ture gishiri da cokula gefe, kwandon burodi yana daf da kansa. Ke ma kin san abin da wannan yake nufi a wurinmu. Kin tuna ranar da Inna ta zane mu don kawai mun ɗora mataji a teburin abinci, tana cewa abin da ya taɓa kai ba ya haɗuwa da abin da zai shiga ciki. To ina ga mamaci sukutum, kansa kusa da burodi.

Na iso bakin ƙofa daidai lokacin da Rewi ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ya juya da filafili ya shimfiɗa wa Fergus a tsakiyar fuska. Na ji ƙarar karyewar hancin kamar an taka busasshen reshe. Jini ya yi tsartuwa har kan farin mayafin. Dattijon ya durƙusa, wani ya ƙara masa a haƙarƙari, wani ya sa ƙafa. Sauran suka bi tagogi suna farfasawa, faranti da kofuna suna tashi sama, gilashi ya yanke wa ɗaya daga cikinsu tafin hannu bai ma sani ba. Suka jawo Fergus da ƙafa har bakin ƙarfen jirgi, kansa yana bugun matakala, suna cewa tun da yana son tafki haka, to ya shiga ya kwana a ciki. Rabin jikinsa ya riga ya leƙa ruwa sa'ad da na faɗa kansa na rungume shi. Rewi ya riga ya ɗaga filafili a karo na biyu, bai iya tsayar da shi ba. A hannuna ya sauka. Kada ki ji wannan daga bakin wani, ni na faɗa miki, kuma na yafe tun kafin in kai asibiti.

Kaka Hemana ne ya kashe wutar. Ya hawo jirgin yana dogara sandarsa, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye su ko ruwan da ya ci masa jika bai ƙoshi ba ne suke so su ƙara masa wani. Ya ce baƙo ya ɗora yaronsa a tebur don bai sani ba, su kuma 'yan gida da suka sani sun wanke shi da jinin mutum da fasassun kwalabe, to su gaya masa wanne ya fi muni. Ya ce wa Rewi ya ajiye wannan icen, ya zo ya kama ƙafafun ɗan'uwansa idan har zumuncin ne ya kawo shi. Haka suka sauko da Nikora a kafaɗa, suna ratsa baƙin da suka yi cirko-cirko a tasha. 'Yan sanda suka jira har aka sa gawar a mota, sannan suka tafi da Rewi da wasu uku. Da ƙyar aka ba da belinsu don su halarci zaman makoki.

Mun yi zaman a marae, gaban gidan kakanni, kamar yadda aka saba. Rewi bai ci ba, yana zaune a ƙafar akwatin kamar an dasa shi. A ranar ƙarshe, kafin a tafi binnewa, sai ga wata motar kaya ta tsaya a bakin ƙofa da dogon tebur ɗaure a bayanta. Fergus ya fito, fuskarsa a naɗe, idanunsa sun kumbura sun yi shuɗi, yana tafiya yana riƙe da gefen ƙirji. Samari suka fara motsi. Inna ta miƙe ta yi kiran marabtar baƙo da muryar nan tata, kin san kuwa wanda aka kira ta wannan hanya babu mai taɓa shi.

Da aka ba shi dama ya yi magana, muryarsa tana fita ta hanci kamar mai mura. Ya ce a gidan da ya tashi, idan mutum ya mutu, a kan tebur mafi kyau ake shimfiɗe shi, a can aka kwantar da mahaifinsa. Ya ce da ya ciro yaron daga ruwa ya duba ko'ina, ya kasa ajiye shi a ƙasa inda takalman baƙi suke takawa, sai ya ba shi wurin da ya fi daraja a jirgin. Ya ce shekarunsa a garin nan yana nuna wa baƙi duwatsunmu da tsibirinmu yana ba su labari, ashe bai san abin da yaron goye ya sani ba. Ya kawo teburin, mu yi abin da ya dace da shi. Rashin sani ya fi dare duhu, ƙanwata, kuma ranar na gane duhun bai tsaya a gefe ɗaya ba.

Sai aka zo gaisuwar hanci, muka jeru a layi, baƙo yana bi yana haɗa hanci da kowa. Na ga Rewi yana zamewa zai shige kicin. Na damƙe shi da hannuna mai lafiya, na ce masa ya riga ya karya min hannu ɗaya, idan yana so ya tafi sai ya karya wannan ma. Ya dawo cikin layi. Mutane suna tausaya wa Fergus, suna taɓa goshi kawai su wuce da shi. Da ya iso gaban Rewi sai ya tsaya. Ya ce masa ya matso, amma a hankali, ginin sabo ne, siminti bai bushe ba. Ya kama ƙeyar yaron ya danna karyayyen hancin nan a kan nasa, ya riƙe. Na ga hawayen zafi yana zubo masa, na ga jini ya ɓullo ta cikin bandeji, bai saki ba har sai da suka shaƙi numfashi ɗaya. A nan Rewi ya fashe da kukan da ya riƙe tun ranar Alhamis. Da yamma Kaka Hemana ya sa aka ƙone teburin a bakin tafki.

Kada ki ɗauka magana ta ƙare. Fergus ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa ba zai yi ƙarya a gaban alƙali ba, zai faɗi wanda ya doke shi da abin da aka doke shi da shi. Amma ya ce zai faɗi sauran ma, zai kuma roƙa a bar masa yaron, domin jirginsa ba shi da tebur, wanda ya jawo asarar kuma shi zai sassaƙa sabo. Lauya ta ce ba ta da tabbacin abin da za a yanke, yana yiwuwa a tsare shi na ɗan lokaci. Ba zan ɓoye miki wannan ba.

Na gaya wa Rewi maganar tikitinki, don ba na yi wa yara rufa-rufa. Ya daɗe yana kallon filastar hannuna. Sannan ya ce in gaya wa Mama yana sonta, amma mutumin da ya kawo karyayyen hanci har gida ya gaishe shi, ba zai bar shi ya je kotu ya tarar da kujera babu kowa ba. Na shekara ashirin da wani abu ina koyar da yara, ban taɓa jin amsar da ta fi wannan ba. Idan kika ɗauke shi yanzu, zai tsira daga alƙali, amma zai rayu yana gudun tafkin da aka haife shi a bakinsa, ba kuma zai iya zuwa kabarin Nikora ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wanke shi ake yi, ko da zafi.

Don haka ga roƙona. Ki sayi tikitin, amma da sunanki. Ki zo ki zauna a bayansa ranar, inda zai waiwaya ya gan ki. Na riga na gyara miki ɗakinki na da.

Ki gaida Paora, ki ce masa Inna tana tambaya ko har yanzu yana tsoron ruwan zafi. Ki sumbaci 'yan biyu, Hana da Mihi, ki ce na ajiye musu zuma. Inna tana gaishe ku, haka Kawu Tipene da iyalinsa. Kaka Hemana ya ce a gode miki da saƙon ta'aziyya. Rewi yana can bayan gidanmu yana goge katako, ya ce zai rubuto da kansa idan ya sami kalmomin.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki Kahurangi