Na Rataya wa Karya Gidan Sauron Matata

Hajiya Radiya, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki ɓoye sunana, don a Kusfa ko atishawa mutum ya yi sai an ji a Kwarbai.

Gidanmu gidan malamai ne. Ni kaɗai na karkace na kama kiwon raguna a bayan gida. Da ɓarayi suka yi mini ɗauki ɗai-ɗai har sau biyu, sai Bahago, wani maharbi da ke kawo mini harawa daga ƙauye, ya ba ni karya mai suna Kyalla. Yayana Malam Nasrullahi, wanda shi ne babba a gidan, ya ce kare ba zai taka masa zaure ba. Na ce to, na je na ɗaure ta bakin kududdufin da ke bayan garken, can inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini. Shekara uku ko igiya ba a sake ɗauke mini ba.

Bara sai ta fara tari kamar tsohon ɗan taba. Gudu kaɗan ta zube tana haki, ga rama, ga ciki ya kumbura. Na ɗura mata maganin tsutsar raguna, Bahago ya kawo saiwoyi, duk a banza. Ta mutu. Likitan da ke duba mini raguna ya ce ga alama tsutsar zuciya ce, wai sauro ke ɗauko ta daga wani kare ya zuba wa wani. Ya nuna mini hoton a waya. Hajiya, tun ranar ban sake cin taliya ba. Ashe ni da hannuna na kai ta fadar sauro na ɗaure!

To ta bar 'ya, Duna, yanzu shekararta guda, kuma a turken uwarta take. Tsoro ya sa na kwance gidan sauron matata Delu na rataya mata. Kafin la'asar ta yi kaca-kaca da shi, ta fito da guntu a wuya kamar amarya. Unguwa kaf an gani. Delu kwana tara ke nan tuwo kawai take dire mini, ba ko sannu. A majalisa kuwa, da na doso sai wani ya tambayi lafiyar iyali, kowa ya ƙunshe dariya.

Likita ya ce sai an gwada jinin Duna. Yanzu ni, da gemuna da rawanina, in ja karya har asibitin dabbobi a Ƙofar Kuyambana? Wane mai keke ne ma zai ɗauke mu? Bahago ya ce in tsira mata allurar raguna kawai a huta. Yaya ya ce in mayar da ita ƙauye, ajali ba ruwansa da sauro. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ranar da na binne Kyalla sai da na yi kuka, har da majina. Ba na son in binne Duna. Yaya zan yi?

Naki, Mai Raguna, Kusfa.

Malam Mai Raguna, na yi dariya har sai da na ajiye tabarau, amma damuwarka gaskiya ce.

Fara da ajiye allurar Bahago. Awon rago daban, na kare daban. Kuma in tsutsar ta riga ta shiga jinin Duna, maganin da aka ba ta da ka yana iya kashe ta a ranar. Shi ya sa likita ya nace a gwada jini, ba neman kai da kai yake yi ba. In jinin ya fito lafiya, zai ɗora ta kan rigakafi, yawanci ƙwaya ɗaya a wata. Ka saka a cikin ɗan nama ka jefa mata, ba sai ka taɓa ta ba, ka riƙe ranar kamar yadda kake riƙe tsayuwar wata, rani da damina. In kuma an samu tsutsar, akwai magani, sai dai yana da wahala, kuma aikin likita ne shi kaɗai.

Zancen jan karya a titi, kai ka ƙirƙiro wa kanka. Likitan da ke zuwa duba raguna, ƙafarsa ba ta kai wa ga turken Duna ne? Roƙe shi ya zo da sirinji ya ɗebi jinin a nan. In ya ce dole sai an kai ta, Bahago ai ba rawani gare shi ba.

Malam Nasrullahi yana da hakki a kan zaurensa, kar ka ja da shi. Amma tsakanin zaure da bakin kududdufi akwai fili. Matsar da turken zuwa busasshen wuri, ka kifar da duk kaskon da ruwa ke kwana a ciki. Ka kuma tuna wa Yaya, cikin ladabi, cewa wannan sauron da ya gama da kare, kan jikokinsa yake wucewa da zazzaɓi. Hukuncin dabbar da mutum ya ɗaure ya bari ta cutu kuwa, ya fi ni sani.

Delu ce ke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Sayo mata sabon gidan sauro yau, ka haɗa da turmin atamfa, ka buɗe baki ka ba ta haƙuri.

'Yan majalisa kuwa, bar su su dara, mako mai zuwa wani za su samu. Kukanka bai rage maka gemu ba. Wancan karon ba ka sani ba, wannan karon ka sani, don haka kira likitan kafin ka ninke jaridar nan. Allah ya raya Duna, ya huci zuciyar Delu.

Taka, Hajiya Radiya.